Tsakanin “Kai” da “Ke”: Tarihin Wakilin Suna a Bakin Mutanen Tsakani

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A cikin kalmomin da Bahaushe yake zarowa a wuni guda, babu waɗanda suka kai wakilan suna ƙanƙanta, babu kuma waɗanda suka kai su nauyi. Mutum ba zai iya tambayar maƙwabcinsa yadda ya kwana ba sai ya riga ya yanke hukunci a kansa: ko dai “ka kwana lafiya?” ko kuwa “kin kwana lafiya?” Kafin gaisuwa ta kai ƙarshe, an riga an ajiye shi a ɓangaren maza ko a ɓangaren mata.

A ƙarshen shekarar 2021 ƙamusun Faransanci na Le Robert ya shigar da kalmar “iel” a cikin bugunsa na intanet. An ƙera kalmar ne daga “il” da “elle” domin mutanen da ba sa ɗaukar kansu maza zalla ko mata zalla. Ƙurar da lamarin ya tayar a Faransa ta iso har zaurukan malamai na ƙasarmu, inda da yawa suka kaɗa kai suka ce wannan rigimar Turawa ce, Hausa ba ta san ta ba. Wannan maƙala tana son nuna wa mai karatu cewa Hausa ta san tambayar tun da daɗewa, sai dai ta bi da ita ta wata hanya dabam. Mutanen da al’ada ta ajiye tsakanin maza da mata a ƙasar Hausa ba su ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Sun ɗauki “kai” da “ke” da kowa ya sani suna jujjuya su, kuma su kansu ba su taɓa zama baki ɗaya a kan yaushe ya dace a juya ba.

Harshen da ke tambayar jinsi

Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, reshe ne kuma na babban gidan da ya haɗa Larabci da Tamajak da tsohon harshen Masar. Ɗaya daga cikin alamomin wannan gida shi ne rarrabe jinsi har a mutum na biyu, wato wanda ake magana da shi. Balarabe yana cewa “anta” da “anti”, Buzu yana cewa “kay” da “kam”, Bahaushe yana cewa “kai” da “ke”. Faransanci, duk da tsananinsa a kan jinsi, bai kai nan ba, domin “tu” ɗaya ce ga namiji da mace.

Duk wanda ya ci kasuwa a Tasawa ko a garuruwan Gulbin Kaba na ƙasar Mayahi ya ji wasu harsunan da ba su da wannan ɗabi’a. Bafillace yana cewa “kanko” ga namiji da mace. Bazabarme yana cewa “a” ga kowa. Babarbare kuwa, abin sha’awa, kalmarsa ita ce “shi”, kuma da ita yake nufin uwarsa da ubansa. Shi ya sa baƙon da ke koyon Hausa yakan ce wa mace “ka zo”, yara su yi dariya, alhali kuwa tsarin harshensa ne ya biyo shi. Ko a cikin Hausar ma ba a taru an zama ɗaya ba. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya bayyana yadda jinsin sunaye ya yi rauni a wasu karurukan kudu, inda za a ji “mota ne” ba tare da kowa ya ɗaga kai ba, alhali Bagobiri yana riƙe da “na” da “ta” ɗinsa a gurbin “ne” da “ce”.

Ƙofofin da nahawu ya bari a buɗe

Duk da wannan tsanani, Hausa ta tanadi hanyar kauce wa “ka” da “kin”, kuma kunya ce ta fi raya wannan hanya. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta takan tarbe shi da “an dawo?” sa’an nan ta ce “a kawo ruwa?” Uwar da ke ɓoye sunan ɗanta na fari takan ce “a shigo daga rana.” A fada, idan talaka ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai sukan amsa da “an gaishe ka,” domin sarki ya fi ƙarfin a nuna shi da ɗan yatsan magana. Wannan “a” da “an” da “ana”, wanda masana nahawu suke kira mutum na huɗu, ba shi da jinsi, ba shi da adadi. Haka nan jam’i: “ku” da “su” ba su san namiji ko mace ba, kuma a gidaje da yawa da su ake girmama babba, a ce “su Malam sun fita” ana nufin mutum guda.

Akwai kuma darasi a cikin sarautu. A Maraɗi, Iya mace ce daga gidan sarauta, kuma “Iya ta zo” ake cewa. A Zariya kuwa, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a nazarinsa na mulkin Zazzau na 1960, sarautar Iya ta mata ce a zamanin Haɓe, bayan jihadi ta koma hannun ƴaƴan sarki maza. Tun daga lokacin “Iya ya zo” ake cewa a can. Kalmar ba ta sauya ba, tarihi ne ya sauya mata wakilin suna. Wannan ya isa ya nuna cewa a Hausa lamiri yana bin matsayin da jama’a suka ba mutum, da dangantakar da ke tsakaninsa da mai magana.

Fagen bori

Wurin da aka fi ganin wannan a fili shi ne fagen bori, kuma babu inda bori ya daɗe yana da gindi a fada kamar jihar Maraɗi. Dalilin haka yana cikin tarihin jihadin 1804. Bayan faɗuwar Birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka ja da baya zuwa arewa, inda Tasawa take cikin tsofaffin ƙasashensu, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Waɗannan masarautu biyu sun riƙe tsarin da daular Sakkwato ta kawar, ciki har da sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tsibiri, waɗanda suke shugabantar ƴan bori da mata masu zaman kansu. Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas sun yi shekaru suna nazarin wannan yanki, kuma littafin Monfouga-Nicolas a kan bori ya fito a Paris a 1972.

A ƙa’idar bori, wanda iska ta hau doki ne idan namiji ne, goɗiya ce idan mace ce. Amma da zarar an yi hawa, ba da dokin ake magana ba, da mahayin ake yi. Matar da Sarkin Rafi ko Malam Alhaji ko Ɗan Galadima ya hau, za a yafa mata kayan iskar, masu goge da garaya su yi mata kirarinsa, jama’a su durƙusa su ce “ranka ya daɗe.” Namijin da Doguwa ko Inna ta hau, “ke” za a ce masa, “ranki ya daɗe,” kuma babu mai jin an yi kuskuren nahawu. Idan iska ta sauka, aka yi atishawa, kowa ya koma lamirinsa na jiya. A nan wakilin suna kamar riga yake, ana sa shi a fage, ana tuɓe shi a bakin fage, kuma kowa ya san lokacin sawa da lokacin tuɓewa.

Ƴan daudu da rabuwar kansu

Daga wannan fage ne sunan ƴan daudu ya fito. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin borin Kano ya wallafa shi a 1983, ya bayyana cewa Daudu kirari ne na Galadima, kuma a bori ana nufin Ɗan Galadima da shi, wato iskan nan ɗan sarki mai ado da kyauta da caca. Ɗan daudu namiji ne da ke ɗaukar salon mata a magana da tafiya da sana’a. Mazauna garuruwan da ke kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram sun san sana’ar: tuwo da miya a tasha, soyayyar kaza da ƙwai a kasuwa, girkin biki, rawa a gidan buki, da zama a gidajen mata masu zaman kansu. Wasu sun kai har Jidda da Makka neman kuɗi, suka dawo da laƙabin Alhaji.

Mutumin da ya fi zurfafa bincike a kan maganarsu shi ne Rudolf Gaudio, Ba’amurke masanin harshe da al’ada, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990, littafinsa mai suna Allah Made Us ya fito a 2009. Abin da ya samu ya dace da abin da kunnen Bahaushe ya sani. A tsakaninsu, ƴan daudu sukan kira juna da “ke” da “ita”, su sa wa juna sunayen mata, babba ya zama uwar ɗaki, ƙarami ya zama ɗiya, sa’o’i su zama ƙawaye. Sun shahara da habaici da karin magana, har ana cewa ba a faɗa da ɗan daudu a ci riba. Amma mafi yawansu ba sa musun cewa su maza ne. Suna zuwa masallaci a sahun maza, da yawa suna aure suna haihuwa, kuma sukan kira wannan salon magana wasa.

A nan ne ra’ayi ya rabu, kuma rabuwar ita ce zuciyar lamarin. Wanda ya ji daɗin “ke” daga bakin ƙawarsa a bayan tukunya, zai iya ɗaukar ta zagi idan ta fito daga bakin ɗan kamasho a tsakiyar tasha, domin ta farko shigarwa ce cikin dangi, ta biyu kuwa fitarwa ce daga cikin maza. Wani yana ganin yawan “ke” a gaban jama’a tonon asiri ne da ke jawo wa kowa jifa, wani yana ganin mai gudunta munafuki ne da ke cin tuwon sana’a yana ƙin sunanta. Wanda ya manyanta, ya ajiye iyali, yakan so a koma kiransa Alhaji ko Malam, ƙawayensa na dā kuma su riƙa tsokanarsa da tsohon suna. Akwai kuma mazan da suke hulɗa da su amma ba su da salon mata ko kaɗan, waɗanda ba sa yarda a juya musu lamiri ko da wasa. Saboda haka tambayar da ke gabansu kullum ita ce wa ya faɗa, a ina, a gaban wa, da wace niyya.

Abin da malamai suka rubuta

Bai kamata a ɗauka cewa zauren ilimi bai san mutanen tsakani ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Tasawa da Katsina da Kano sun keɓe babi ga “khunsa”, wanda Hausa take kira mata-maza, wato wanda aka haifa da halittar da ba ta bayyana ba. Mukhtasar na Shaihu Khalil da wannan mas’ala ya rufe, inda aka ba wanda lamarinsa ya rikice rabin gadon namiji da rabin gadon mace. Wannan batu ne na halittar jiki, ya bambanta da daudanci, wanda batu ne na ɗabi’a. A kan ɗabi’ar ma malamai sun yi magana: hadisi ya yi hani mai tsanani ga namiji ya kamanta kansa da mace, amma Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya rarrabe tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da motsi, wanda babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Ƴan daudu da suke cewa Allah ne ya yi su haka, da masu wa’azin da suke cewa su suka yi kansu, a kan wannan rarrabewa suke jayayya, ko sun karanta ta ko ba su karanta ba.

Shekarar 2000 da abin da ya biyo baya

Ƙarshen ƙarni na 20 ya ƙuntata filin wasan. Zamfara ta ƙaddamar da shari’a a watan Oktoba 1999, Kano da Katsina da Sakkwato suka bi a 2000. Aka rufe gidajen mata da mashaya, aka hana bukukuwan da ƴan daudu suke samun abinci a cikinsu, wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suka tsallako iyaka zuwa Nijar. A wannan ɓangaren ma iska ta juya. A watan Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya shirya a Yamai, ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, inda aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren mishan da gidan Iya kanta. Barbara Cooper, marubuciyar tarihin aure a Maraɗi, ta yi nazarin wannan tarzoma a 2003. A Bauci an kama maza 18 a watan Agusta 2007, aka tuhume su da shigar mata, sa’an nan a Janairu 2014 Najeriya ta sa hannu a dokar hana auren jinsi.

A daidai wannan lokaci finafinan Kano suka mai da ɗan daudu abin dariya, kamar fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, wanda ya fito a 2002. Sakamakon haka “ke” ta ƙara yawa a bakin masu ba’a, ta ƙara ɓuya a bakin masu ita. Abin da ake faɗa dā a fili a gidan buki ya koma raɗa a cikin ɗaki, kuma “an” da “a”, lamiran kunya, suka samu sabon aiki na rufin asiri: “an zo jiya,” “ana gaishe ki,” ba tare da an ce wa ba.

Hanyar Turai

Turai da Amurka sun bi hanyar ƙira. Tun 1858 wani lauya Ba’amurke, Charles Converse, ya ƙera “thon” domin Ingilishi ya samu lamiri marar jinsi. Kalmar ta shiga ƙamus, amma ba ta shiga baki ba, har aka cire ta daga ƙamusun Merriam-Webster a 1961. A Suwidin an ba da shawarar “hen” a 1966, aka yi watsi da ita shekaru da dama, sai ga shi ta shiga ƙamusun hukumar harshen ƙasar a 2015. A Faransa, ministan ilimi na lokacin, Jean-Michel Blanquer, ya fito ya soki “iel” a Nuwamba 2021, masu Le Robert kuma suka amsa cewa aikin ƙamus shi ne rubuta abin da mutane suke faɗa.

Abin lura shi ne su ma masu lamarin ba su haɗu a kan kalma ɗaya ba. Ƙidayar ra’ayi ta Gender Census, wadda ake yi ta intanet tun 2013, tana nuna cewa mafi rinjayen masu amsawa sun fi son tsohuwar kalmar “they”, wato kwatankwacin “su” na girmamawa a Hausa, wadda Merriam-Webster ya zaɓa kalmar shekara a 2019. Ƙirarrun kalmomi irin su “xe” da “ze” tsiraru ne suke riƙe da su. Masu ƙin su suna cewa suna wahalar da baki, suna kuma ba abokan gaba abin dariya. Masu son su suna cewa jam’i aro ne, mutum kuma yana da haƙƙin abin da ya dace da shi. Wasu suna amfani da kalma ɗaya a wurin aiki, wata a cikin abokai. Ɗan daudun Kano ko na Maraɗi ba ɗaya yake da waɗannan mutane ba, domin shi bai ce ya fita daga jinsin maza ba, amma zai gane gardamar sarai: tsoron tonon asiri, zargin munafunci, da bambancin maganar ɗaki da maganar kasuwa.

Kammalawa

Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Nauyin bayyana wannan harshe ga yara ya ƙaru a wuyan malamai. Ƙa’idar nahawu a bayyane take, kuma ita za mu rubuta a allo: “kai” ga namiji, “ke” ga mace. Amma ɗalibin da ya tambayi ma’anar “iel” ya cancanci a gaya masa tarihin kalmar, a kuma gaya masa cewa harshensa yana da “an” da “ku” da “su”, yana da Iya mace da Iya namiji, yana da fagen da goɗiya take amsa “ranka ya daɗe.” Sanin abu ba yarda da shi ba ne, kuma kowane gida yana da hukuncinsa a kan bori da daudanci.

Akwai aiki biyu da suka rage. Na farko na ƙungiyoyin al’adu ne: tsofaffin masu goge da zabiyoyi da masu tuwon tasha na Tasawa da Mayahi da Kanambakashe suna ƙarewa, kuma kusan duk abin da aka rubuta a kan maganarsu baƙi ne suka rubuta shi, da Faransanci ko Ingilishi. Na biyu na malamin aji ne. A kowace makaranta akwai yaro mai laushin murya wanda ƴan ajinsu suke jifa da “ke” a filin wasa, har ya daina ɗaga hannu, wani lokaci ya daina zuwa. Wannan “ke” ba ta bori ba ce, ba ta ƙawaye ba ce, dutse ce. Malamin da ya san tarihin kalmar shi ya fi kowa sanin bambancin, kuma shi ya fi kowa ikon hana jifan. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Allah ya sa mu iya bakinmu.